Ƙayar Kifi a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da kifin Kalgo ba, ko da tsufa ya kwashe mini sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya. Har gobe in na ji ƙamshin karfasa a kasko sai in kai hannu in shafa wuya. Na daɗe ina juya maganar nan a raina. In ce yau zan faɗa, in tashi in share tsakar gidan da na riga na share, in dawo in ce sai gobe. To yau dai na zauna.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce tsohuwar nan ta Gwandu mai shafin “Gwaggo Na Kallo”. Ban taɓa zama a aji ba. Ko sunana aka rubuta a bango zan wuce shi ban gaishe shi ba. Ƙanwata Rabi, wadda ta koyar a firamare har ta yi ritaya, ita ce hannuna. Ni in faɗa, ita ta danna a waya ta saka, bayan la'asar kuma ta zo ta karanta mini abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Ita ma ta jawo abin. Duk bikin da muka je muka dawo sai na zaunar da ita na zayyana mata abin da idona ya gani, har wata rana ta ce, “Yaya, surutun ga ya fi ƙarfin kunnena ni kaɗai, bari in raba shi da duniya.” Shekara da shekaru ke nan. (Tana gyara mini Hausa ta koma irin ta rediyo. Na yi faɗa har na gaji.)

Me nake faɗa? Abin da na gani. Yarinyar da ke gaida babba a tsaye tana taunar cingam. Uwar amarya da ke rawa har ɗankwali ya faɗi. Matan da ke yagar nama suna kallon mai hoto. Ba na kama suna, sai in ce “wani gida a wani gari”. Mutane kuma su yi ta zuba yabo: Gwaggo kin faɗi gaskiya, Gwaggo ƙara musu. Tun da wuri na lura da wani abu. Ranar da na yi magana mai laushi, Rabi kan gama karanta amsoshi kafin shayina ya huce. Ranar da na yi cizo kuwa, sai magariba ta same mu ba ta gama ba. Ba wanda ya ce in riƙa cizo. Ni da kaina na koya.

Maganar da ta fi bin duniya ita ce ta kunyar surukai. A Ceberu na tashi, a hannun kakata, Bafulatana wadda ba a taɓa ganin bakinta na motsi a gidan da ɗiyarta ke aure ba. Abin da na tarar ke nan, kuma har yau ban ce ba shi da kyau ba. Sai dai ni na ɗauke shi na kafa kamar tuta. Na faɗa ba sau ɗaya ba: ban taɓa kai loma baki a gidan surukai ba, kuma ba zan kai ba har a rufe ni da ƙasa. Har ta kai in mata sun gan ni a biki sai su maimaita mini ita suna tafa hannu, ni kuma in gyara zaman mayafi.

Ɗiyata ta fari (ba na faɗin sunanta, kun san dalili) tana aure a Kalgo. Mijinta ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibiti, mutumin kirki, sai dai takalmansa na fi sani a kan fuskarsa, don in ya zo gaisuwa daga bayan labule yake durƙusawa. Uwarsa ita ce Hajiya Kulu, ɗiyar masunta, mai sana'ar kifi, mace mai dariyar da ake ji daga zaure. A wurinta, in ka shiga gidanta ba ka ci ba, to ba ka zo ba.

Shekarar da ta dawo daga Makka na je yi mata barka. Ta jera mini kwanuka, na ƙi. Ta matsa, na ƙi. Dabinon da ta ba ni ma a bakin mayafi na ƙulle. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma ina dawowa Gwandu, tun ban cire takalmi ba, na ce wa Rabi ta ɗauko waya. Na ba da labarin wani gida a wani garin bakin ruwa inda ake ɗura wa suruka abinci kamar ragon layya, ɗakin ma har labule ƙarnin kifi yake. Aka yi ta dariya.

Ba a jima ba Rabi ta zo mini da labarin cewa an karanta wa Hajiya Kulu. Na ce ai ban kama suna ba.

“Yaya,” in ji Rabi, “garin bakin ruwa nawa kike da surukai a ciki?”

Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Hajiya Kulu ba ta aiko da ko kalma ba. A kan ɗiyata abin ya sauka. Ba zagi, ba faɗa. Dariyar nan ce kawai ke ɗaukewa in ta shigo. In an zuba abinci sai Hajiya ta ce, “Ke kina iya cin namu kuwa? Kar mu ɓata maki tarbiyya.” Yarinya ta rame a tsaye. Ba ta faɗa mini ba, Rabi take kira tana kuka. Ni kuwa na ci gaba da kallon gidajen mutane.

Haihuwarta ta farko a gabana ta yi, ta biyu kuwa a ɗakinta, ta sami ɗiya mace. Ana gab da suna ta kira ni.

“Inna, ki zo da kanki, kar ki aiko Inna Rabi ita kaɗai. Sunanki za a sa ma yarinyar. Hajiya ce da bakinta ta ce a sa.”

Kafin in amsa ta ci gaba.

“Kuma Inna, don Allah, in an kawo abinci ki ci. Ko loma guda, gaban Hajiya. Ni ke zamne gidan ga, ba mutanen wayarku ba.”

Na ce, “Na ji.”

Ana gobe tafiya ƙafata ta kasa zama wuri guda. In tuna muryar ɗiyata, in tuna masu tafa hannu. Da Rabi ta zo na ce ta rubuta: gobe Gwaggo za ta gidan surukai, masu son ganin yadda ake yi su buɗe ido.

Ta ajiye wayar a cinya. “Yaya, kin tabbata? Abin ga in ya tafi ba shi dawowa.”

“Danna.”

Ta danna.

Da safe na haɗiye ƙwayar ciwon suga (ina da shi, ban taɓa faɗa muku ba) da niyyar in bi ta da koko, sai ga direba yana ta danna hon kamar gobara ta tashi. Na bar kokon a kan murhu. A tashar Birnin Kebbi Rabi ta sayi ƙosai mai zafi ta miƙo mini. Na kai hannu ke nan sai wata a kujerar baya ta ce, “Lah, ba Gwaggo ba ce?” (Rabi ce ta liƙa hotona a goshin shafin, ban yafe ba.) Na mai da hannun na gyara ɗankwali. Ai na taɓa yin magana a kan tsofaffin da ke ciye-ciye a mota. Duk ƙofar da abinci zai bi ya shiga cikina, na duba na tarar ni na rufe ta da bakina.

Gidan suna cike yake, dangi daga Diggi, daga Dangoma, ga maƙwabta. Ina sa ƙafa a tsakar gida magana ta ɗauke, sai raɗa: ita ce, wallahi ita ce. Shekara da shekaru ina shiga gidajen mutane da ido, ban taɓa sanin nauyinsa a jikin wanda ake kallo ba sai ranar.

Hajiya Kulu ta tarbe ni da mutunci, ba dariya. “Maraba da Ta Gwandu. An sha hanya.” Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗakin mai jego, aka ɗora mini takwarata a cinya. Na kalle ta da gefen ido kamar yadda ya kamata, na yi addu'a na mayar. (Hancina ne a fuskarta, Allah ya ba ta haƙuri.)

Sai ga kwanuka. Hajiya Kulu da kanta ta ɗauko, ta durƙusa ta buɗe: tuwon shinkafa fari sol, miyar kifi tana tururi.

“Bismilla, Ta Gwandu.”

Kowa a tsakar gida ya juyo. Har mai daka ta tsai da taɓarya. Ta ƙofa ina hango ɗiyata zaune a bakin gado, ta zuba mini ido. A ɗaya gefen ga matan nan, wasu waya a hannu, suna jiran Gwaggonsu. Loma guda aka roƙe ni. Hannuna ma ya so, na ji shi ya motsa a kan cinya.

Na ce, “Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake.”

A daidai nan cikina ya yi wani kuka mai tsawo, irin na ƙofar langa-langa. Hajiya Kulu ta yi kamar ba ta ji ba. Ta mai da murfi a hankali. “To. Allah shi ƙara ƙoshi.” Wata cikin matan ta ce, “Ai na gaya maku!” Ɗiyata kuwa ta juya ta fuskanci bango.

Wai na yi nasara ke nan.

Daga nan zama ya gagare ni. In miƙe ƙafa, in naɗe. In ja carbi, in manta inda na tsaya. Zufa ta tsattsafo mini a goshi, yatsuna na rawa, na ɓoye su a mayafi. Ni da ke shiga taro in fito da laifuffuka fal, ranar ba abin da nake gani sai bakuna: wannan na tauna, waccan na tsotsar kan kifi. Rabi kuwa ta zauna can cikin mata tana narkar tuwo kamar ba uwa ɗaya ta haife mu ba. Na harare ta, ta ɗaga mini loma.

Da aka kira azahar Hajiya Kulu ta ce a kai ni ɗakinta in yi salla, can ya fi shiru. Na tarar an shimfiɗa darduma, ga ruwa a kofi, ga faranti rufe da faifai. Wadda ta rako ni ta saki labule ta tafi. Nan na gane. Tsohuwar hanya ce, wadda ko kakata ba za ta ga laifinta ba: a ajiye wa mai kunya abinci, a ba shi wuri, kowa ya kau da kai. Matar da na ce ba ta san kunya ba ta san ta sarai. Amma na gane wani abu kuma. Farantin nan ta tsakar gida zai koma, ta gaban matan nan, kuma sai wata ta ɗaga faifai.

Na yi salla (Allah ya karɓa, don rabin hankalina yana ƙarƙashin faifai). Na sallame na ɗaga shi, wai in gani kawai. Karfasa ce guda, ƙatuwa, an soya ta ta yi ja, an barbaɗa yaji, ta kwanta tana kallona da ido ɗaya. Kunnuwana na ƙara, ɗakin na juyawa a hankali. Sai dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka ba a taɓa yin mai wayo irina ba. Kifi gefe biyu gare shi. Mai ɗaga faifai na sama kaɗai zai gani.

Na juya ta. Na shiga ɓantarar gefen ƙasa, ina kiyaye kai da wutsiya, ina tara ƙayoyi a bakin mayafi. Jama'a, ban san ko yunwa ce ba, amma tun da uwata ta haife ni ban ci kifi irin wannan ba. Loma guda na yi niyya. Kafin in farga na share gefen nan tas, ƙashin baya ya fito fes kamar matsefi.

Sai na ji takun silifa. Saura tsoka guda a hannuna, ta wajen ciki, inda ƙananan ƙaya suke. Na cusa ta a baki na haɗiye ba tauna, na kifa kifin yadda yake, na mai da faifai, na ƙulle bakin mayafi, na ɗauki carbi. Duk kafin a gama sallama.

Hajiya Kulu ce. Ta ɗaga faifai, ta ga karfasarta kwance lafiya lau. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta zauna kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

“Ta Gwandu, ba kowa nan, daga ni sai ke. Mi muka yi maki? Kifin ne ke wari, ko mu? Ɗiyarki ɗiyata ce, amma wallahi in na dube ta maganarki nike ji, kuma ba ni son haka.”

Na buɗe baki in ba ta amsa. Abin da ya fito ba magana ba ce, wani sauti ne irin na zakaran da mura ta kama. Wani abu ya tokare mini maƙogwaro, in na haɗiyi yawu sai in ji kamar allura. Hawaye suka zubo shar.

“Subhanallahi! Haba, kar ki yi kuka.” Ta dafa kafaɗata, ita ma idonta ya kawo ruwa. “Ya wuce, wallahi ya wuce. Ban san abin na cin ki haka ba.”

Da zan iya, da na bar ta a haka, an rabu lafiya ni da mutuncina. Amma tari ya turnuƙe ni, na shiga kakari ina nuna wuya. Ta ja baya ta ƙura mini ido. Ɗiyar masunta ce fa.

“Wagga ba nadama ba ce,” ta ce. “Ƙaya ce.”

Ta leƙa ta ƙwala wa Rabi kira, kuma kun san muryar Hajiya Kulu. Rabi ta zo, rabin gidan suna ya biyo ta. Wannan ta ce ayaba, wata tsohuwa daga Diggi ta ce a nemo mai tofi, waccan ta danna mini lomar tuwo in haɗiye ba miya. Ƙaya ta ce tana nan. Sai Hajiya Kulu ta ce, “Ku kira man yaron ga, shina zaure.”

Na ɗaga hannu biyu ina girgiza kai. Ko a jikinta.

Takalman nan da na sani suka tsaya a bakin ƙofa. Bai shigo ba, bai ɗago kai ba, da uwarsa yake magana.

“Hajiya, a tambayi Inna mi ta ci.”

“Ta Gwandu, an ce mi kika ci?”

Na girgiza kai. Har a lokacin, da ƙaya a wuya, shafi nake karewa.

“Gwaggo ba ta ci gidan surukai, kowa ya sani,” in ji wata daga baya. “Ga kifin nan ko taɓa shi ba a yi ba.”

Hajiya Kulu ta dubi farantin. Ta dube ni. Ta sa yatsa biyu ta kama wutsiya ta ɗaga. Kifin ya taso ba nauyi, ya juya a iska, gefe guda jar suya, gefe guda ƙashi tsirara.

Na jawo mayafi in rufe fuska, ƙullin ya kwance, ƙayoyin da na tara suka zubo a kan darduma gaban kowa. Tsohuwar Diggi ce ta fara, ta toshe baki dariya ta fi ƙarfinta, sai ɗakin ya fashe. Har Rabi, jinina, ta dafa bango. Ta cikin mayafi na ga wayoyi sun fara ɗagowa.

“Kai!” Hajiya Kulu ta miƙe, kifin na hannunta. “Duk wadda ta ɗauki surukata hoto cikin ɗakina, ta bar gidan ga kuma kar ta dawo. Baƙuwata ce, kifina ta ci, ya yi mata daɗi. Ina ruwanku?”

Wayoyi suka koma jaka. Ta kore su waje, ta bar Rabi.

Sannan ya shigo, ya durƙusa ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, har da ya hanya, ni ina kakari. Ya ce, “Inna, a yi haƙuri, a buɗe baki.” Ku dubi ikon Allah. Ni da na yi shekaru ina koya wa mata rufe baki gaban suruki, na naɗe fuskata duka, ido da hanci, baki kaɗai na bari a waje, wangame, surukina na leƙa ciki da fitilar waya yana cewa a ƙara buɗewa, a fito da harshe. Ya sa ɗan hantsakinsa, na ji zafi kaɗan, shi ke nan. Rabi ta ce abin bai kai tsawon farce ba.

Na ɗauka an gama. Sai ya ce zufar nan da rawar hannu ba na ƙaya ba ne, ya tambayi Rabi da me na karya. Ta tona ni tas. Ya soki yatsana ya duba a ɗan injinsa. “Hajiya, sugan ya faɗi. A ba ta abu mai zaƙi yanzu, a bi da tuwo. Ba ni tashi sai ta ci.”

Ya koma bakin ƙofa ya juya baya. Hajiya Kulu ta jawo kwano tsakaninmu, ta wanke hannu, ta zauna tana cire mini ƙaya tana turo mini tsoka kamar yarinyar da aka yaye. Kafaɗunta na rawa.

“Ta Gwandu, tun ina budurwa nike sai da kifi, ban taɓa ganin wanda ya yi mai wagga ɓarna ta ƙasa ba. Ko kyanwa ba ta kai ki ba.”

Da guntun muryar da ta rage mini na ce, “Yaji ya ɗan yi yawa.”

“Ya yi yawa kika bar ƙashi kaɗai?”

Sai dariyar nan tata ta dawo, wadda ake ji daga zaure. Ni ma ta kufce mini, maƙogwaro na zafi. Na ce, “Hajiya, maganar da na yi, ban kyauta ba.” Ta ce, “Ci tuwo.”

Na ɗago na ga ɗiyata a bakin labule, takwarata a kafaɗa, tana kallon hannuna na shiga kwano ɗaya da na uwar mijinta.

“Ke, zo zamna ki ci, mai jego ba ta tsayuwa,” in ji Hajiya Kulu. “Yi sauri kafin uwarki ta juya wanga ma.”

Na koma Gwandu ina jiran duniya ta faɗo mini a ka. Kowace la'asar in tari Rabi tun daga ƙofa: an saka? An faɗa? Ta duba ta ce shiru. Mata cike da gida sun gani da idonsu, amma Hajiya Kulu ta bi su ta ɗaure musu baki. Ni kuma na kasa faɗin komai. In na ɗauko maganar wani gida a wani gari sai wuyana ya yi ƙaiƙayi. Mabiyana sai tambaya suke: Gwaggo, ya aka ƙare? Mun san ba ki ba mu kunya ba. Wannan yabon ya fi ƙayar tsaya mini a wuya, shi ya sa na zaunar da Rabi yau.

Da muka kawo nan na sa ta kira Kalgo ta karanta wa Hajiya Kulu duk abin da ke sama, don yanzu haka nake yi: wanda ke cikin labarina shi zai fara ji. Ta saurara har ƙarshe, ta ce gyara ɗaya gare ta.

“Ba ki gaya masu kin nemi ƙari ba. Kuma abin da kika ƙulle a mayafi za ki gida, wagga karon ba ƙaya ba ce.”

To kun ji.

Shekarun nan duka, ga ɗan abin da na tsira da shi. “Wani gida a wani gari” gida ne mai ƙofa, da mutane a ciki, wani lokacin har da ɗiyarka. Masu tafa maka hannu kuma ba su san ko ka karya ba. Kunya ina nan da ita, ban yar ba. Har gobe surukina daga bayan labule yake gaishe ni, ko da yake ya fi ni sanin cikin bakina. Sai dai yanzu kafin in ce wa Rabi danna, nakan tambayi kaina ko zan iya cika maganar da yunwa a cikina. In kuwa aka ajiye muku kifi a gidan surukai, ku ci ta sama inda kowa zai gani. Kuma ku tauna.